Ina rawa a coci amma zuciyata ba daɗi: munafunci nake yi?

"Baba Fasto barka da aiki. Ni mutumin Tafawa Ɓalewa ne, shekara tara ke nan ina Legas. Da acaɓa nake yi a Surulere, bayan an hana sai aka kama mashin ɗina, kuma ban ma gama biyan kuɗinsa ba. Yanzu gadi nake yi a wani gida a Leki, iyalina na maida su gida don ba zan iya haya ba. Ran Lahadi in na samu dama na je sujada sai a ce mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, in tashi in yi rawa da kowa, amma kafin in kai bakin titi abun ya gudu, sai tunani. Abokina ya ce rashin bangaskiya ne, ya kai ni wata coci aka ce in shuka iri ƙofa za ta buɗe, na ba da rabin albashina, yau wata huɗu shiru. Baba, munafunci nake yi ne? Ko Allah ya yi fushi da ni? Ta yaya mutum zai yi farin ciki alhali ba abin da ke tafiya daidai?"

Ƙanena sannu. Sannu da ɗawainiya, sannu da kaɗaici, kuma na gode da ka faɗi abun yadda yake ba ka yi masa kwalliya ba, don wannan tambayar taka tana cikin zuciyar mutane da yawa da nake gani a benci kowace Lahadi amma kunya ta hana su buɗe baki. In na fahimce ka, abu biyu ne suka haɗe maka. Na ɗaya kana so ka san ko farin cikin da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai zai yiwu ga mutumin da aka ƙwace masa abin neman abinci. Na biyu kana tsoron cewa nauyin da kake ji a ƙirji shaida ce a kanka, wato ko dai bangaskiyarka ta jabu ce ko Allah ya juya maka baya. Bari in cire maka na biyun tun yanzu kafin mu yi nisa: a'a, ba munafuki ba ne kai, kuma kama mashin ba hukuncin Allah ba ne.

Ba kai kaɗai abun ya shafa ba. Tun ran 1 ga Yuni 2022 da aka hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Legas Ailan da Legas Menlan, na ga yadda sashen Hausa na ikilisiyarmu ya girgiza, samarin da ke cika bencin baya wasu sun koma gida, wasu gadi, wasu dako a kasuwar Mayil 12. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin danfo, wato bas ɗin haya na Legas, ya ninka, har zuwa coci ma ya zama abin lissafi. To mutumin da duk wannan ya bi ta kansa in ya ce zuciyarsa ba daɗi ai gaskiya ya faɗa.

Wa ya rubuta ayar, kuma daga ina?

Ayar da ake karanta muku Filibiyawa 4:4 ce, inda Manzo Bulus ya ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita. Matsalar ita ce sau da yawa mukan ɗauko ta ita kaɗai, mu ɗora a kan kiɗa mai zafi, sai ta zama kamar umarnin mai ɗaukar hoto, kowa ya yi murmushi. Amma Bulus a ɗaure yake lokacin da ya rubuta ta. Yawancin masana sun ce daga Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62, yana jiran shari'ar da bai san ko za ta kai shi ga takobi ba, a sura ta 1 ma yana auna rai da mutuwa a fili. Kuma ga wani abu da na tabbata zai taɓa ka, ƙarshen Ayyukan Manzanni ya ce shekara biyu cur ya yi a gidan haya, soja na gadinsa. Ɗaurarre ne amma haya na kansa. Abin da ya sa ma ya rubuta wasiƙar har da godiya, don 'yan'uwa na Filibi sun haɗa gudummawa sun aiko masa ta hannun Abafaroditas, wato mutumin da ya ce a yi farin ciki kullum ɗin nan da taimakon mutane yake ci.

Mutanen Filibi kuwa ba za su ɗauki maganarsa da wasa ba don sun san shi. Kusan shekara 10 kafin nan a garinsu aka tuɓe su shi da abokin tafiyarsa Sila, aka yi masu dukan sanda, aka jefa su can cikin ƙuryar kurkuku aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare sai aka ji suna addu'a suna waƙa. Ka lura da jerin abun a Ayyukan Manzanni 16, waƙar ce ta riga girgizar ƙasa, lokacin da suke rerawa ba su san ƙofa za ta buɗe ba, bayansu na jini. Da ta buɗe ma ba su gudu ba. Da waƙar dabarar buɗe ƙofa ce ai da tuni sun yi waje.

Sai kuma kalma biyun nan da muke tsallakewa, cikin Ubangiji. Bai ce ku yi farin ciki da kurkuku ba, bai ce ku yi murna an kama mashin ba, wannan ai hauka ne. Ya nuna wurin da farin cikin yake zaune ne. Yesu ya mutu dominka, ya tashi, an gafarta maka, an kira ka ɗa, kuma ba ya barinka. Waɗannan ba sa hawa da sauka da farashin mai. Da almajirai suka dawo suna murnar nasarar da suka samu, Yesu da kansa ya karkatar da su a Luka 10:20, ya ce dalilin murnarsu ya zama cewa an rubuta sunayensu a sama. Ranar da suka yi nasara fa ya faɗa masu haka, don ya san rana na zuwa da ba nasarar. A Yahaya 16:22 kuma, daren da za a bashe shi, ya ce masu yanzu suna baƙin ciki amma zai sake ganinsu, kuma farin cikin nan ba mai ƙwace masu. Kai ka san ma'anar ƙwace fiye da ni. Akwai abin da ake iya ɗorawa a bayan mota a tafi da shi kana kallo, akwai wanda ba hannun da zai kai gare shi.

Ruwan da ke ƙarƙashin yashi

Tunda ɗan arewa ne kai ka san rafi da bazara. Wajen watan Maris ka je ka tarar ba ɗigon ruwa, yashi ne fari fat yana ƙona ƙafa, baƙo zai rantse rafin ya mutu. Amma iyayenmu mata sun san inda za su durƙusa, su tona da ƙwarya kamu biyu ko uku, su ɗan jira, sai ka ga ruwa na tsatsafowa a hankali, mai sanyi, su ɗiba da moɗa kaɗan-kaɗan har tulu ya cika. Haka na fahimci wannan abun bayan shekara sama da 20 ina aikin nan a Legas. Jin daɗi shi ne ruwan da ke gudu a sama da damina, yana da kyau, kyautar Allah ne shi ma, kada wani ya ce maka laifi ne ka ji daɗi in albashi ya shigo ko ka ga 'ya'yanka. Amma yana da lokacinsa. Na ƙarƙashin ba ya ƙara, ba a hango shi daga nesa, sai an durƙusa an tona.

Akwai wata mama da ta koya min wannan fiye da duk littattafan da na karanta a makarantar tauhidi. Ran Lahadi 27 ga Janairu 2002 da yamma bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, duk wanda yake Legas lokacin ba zai manta ba, mutane suka yi ta gudu ba su san inda suke sa ƙafa ba, da yawa suka faɗa cikin kanal ɗin Oke-Afa da ciyawa ta rufe, sama da mutum 1,000 suka rasu, yawanci mata da yara. Lokacin ina sabon ma'aikaci. Maman nan matar soja ce, 'yar zumuntar mata, ita ke buga tulu in suna waƙa, ta rasa yaranta biyu a ranar. Na je gaisuwa da ayoyi cike da baki, ina shiga ɗakin na ga takalman makarantar yaran a jere bakin ƙofa an goge su don Litinin, sai duk ayoyin suka maƙale, na zauna a ƙasa kawai muka yi kuka. Wata da watanni tana zuwa sujada amma ba ta buɗe baki, can baya take zama da mayafi a fuska, kuma ina gode wa Allah da matan zumunta da ba wadda ta ce mata ta saki ranta ta yi rawa, sai dai su kai mata kunu, su yi mata wanki, su zauna. Ran wata Ista, fiye da shekara bayan abun, mata sun fito gaba za su yi waƙar tashin Yesu daga matattu, sai ta miƙe a hankali ta zo ta karɓi tulun daga hannun wadda ke riƙe da shi. Tana bugawa hawaye na ɗiga a kan tulun, ba ta share ba, kuma ba ta kuskure kiɗan ba ko sau ɗaya. Bayan an tashi na je gaishe ta sai ta ce min, Fasto ciwon yana nan inda yake, amma na san wanda yake riƙe da su.

Yanzu ka faɗa min, munafunci ta yi? Munafuki shi ne wanda yake nuna abin da bai gaskata ba don mutane su yabe shi. Wanda yake rera abin da ya gaskata alhali jikinsa bai ji ba tukuna, wannan bangaskiya ce tsantsa. Bulus ya kwatanta kansa a 2 Korantiyawa 6:10 da mai baƙin ciki amma kullum yana farin ciki, duka biyun a jimla guda, a ƙirji guda. A cikin Filibiyawan nan ma da ake kira wasiƙar farin ciki ya ce da Abafaroditas ya mutu da ya sha baƙin ciki a kan baƙin ciki, a sura ta 3 kuma ya ce da hawaye yake rubutu. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi nan da 'yan mintoci. To wa ya isa ya ce maka hawaye rashin bangaskiya ne?

Inda nake ganin mu Hausawa da duk masu jin Hausa muke cutar kanmu shi ne al'adar lafiya lau. Mutum na kwance rai a hannun Allah ka ce ya jiki ya ce da sauƙi, ya aiki da godiya, ya gida lafiya lau. Ladabi ne mai kyau a bakin hanya, amma mun shigo da shi har cikin addu'a, muna gaida Allah da lafiya lau. Shi kuwa ya ba mu Zabura 150, da yawansu kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 da har yaushe ta fara, Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe ba haske, a kan duhu ta rufe, kuma Allah bai sa an cire ta ba. Annabi Habakuk ma da ake yawan karanta ƙarshen littafinsa, farkonsa ƙara ce ya kai wa Allah, har yaushe zan yi ta kira ba ka ji. Amsar da ya samu kuma ba mai daɗi ba ce, an ce masa Babila na zuwa, kuma ta zo ta rushe Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu. Da wannan sanin ne ya rubuta 3:17-18, ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, duk da haka zai yi farin ciki da Allah mai cetonsa. In da ɗan garinku ne cewa zai yi ko dawa ba ta yi ba, ko rumbu ya zama fanko, ko ba akuya ko ɗaya a turke. Amma sai da ya yi sura biyu yana kokawa da Allah kafin ya iso nan, kai ma kada ka ji tsoron surorinka biyun.

Maganar shuka iri

Nan kam raina ya ɓaci da na karanta, ba da kai ba, da wanda ya karɓi rabin albashin mai gadi da iyali a ƙauye ya ce masa ƙofa za ta buɗe. Bayarwa abu ne mai kyau, ni ma ina koyar da baiko da zakka, amma 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi ne, kuma 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Allah ba mai POS ba ne da za ka sa kati ya ba ka kuɗi. Babbar ɓarnar irin wannan koyarwar ba kuɗin da ta ci ba ne, ita ce ta ɗauke farin cikinka daga kan Yesu ta ɗora a kan buɗin da ake jira, in buɗin ya yi jinkiri sai a ce laifinka ne, ba ka gaskata sosai ba, ƙaro iri. Ka ga mutum ya shiga da nauyi ɗaya ya fita da biyu, talauci da kuma zargin kai. Ina roƙonka kada ka ƙara ko kwabo a wannan hanyar, wanda ka riga ka bayar kuma Allah ya ga zuciyar da ka bayar da ita, bar shi a nan.

Da a ce saurin nasara ne ma'aunin yardar Allah, da mu da muke sujada da Hausa a yau ba mu da tarihi. A nan Legas ɗin da kake, cikin Disamba 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara can cikin ƙasarmu. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham zazzaɓi ya kwantar da shi a Legas ya koma Kanada ba tare da mai tuba ko ɗaya ba. Ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake maida shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Pategi. Daga wannan aikin nasu na mishan, wato SIM, ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya kalli Bingham a 1895 zai ce ga wanda Allah ya yi fushi da shi, kaburbura biyu da hannu wofi. Ba ina ce maka nan da shekara kaza kai ma za ka ga naka ba ne, don Gowans da Kent ba su ga komai da idonsu ba. Ina nuna maka ne cewa ba a karanta fuskar Allah daga yanayin wata huɗu, a gicciye ake karanta ta.

Abubuwan da ke binne ruwan

Wani lokaci ba bangaskiya ce ta ragu ba, yashi ne ya yi yawa. Kai mai gadi ne, yaushe rabonka da barcin kirki? Me kake ci? Annabi Iliya bayan babbar nasarar Dutsen Karmel ya gudu jeji ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19. Allah bai yi masa wa'azi ba, mala'ika ya aiko da gurasa da tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, sai daga baya aka yi magana. Na sha ganin samari sun zo min suna cewa ruhunsu ya mutu, in bincika in tarar kwana uku garin kwaki kawai suke sha suna aikin dare. Jiki da rai maƙwabta ne, in gobara ta kama ɗaya hayaƙi na shiga ɗayan.

Sai kaɗaici, wanda nake zaton shi ne ya fi cin ka. Da kana acaɓa kana da tasha, kuna da hira, ka koma gida yara su tare ka. Yanzu kana zaune a ɗan ɗakin bakin get, manyan motoci na shiga da fita, kana buɗewa kana rufewa wani ko sannu ba zai ce maka ba, dare ya yi ka buɗe Facebook ka ga tsaranka sun sa hoton sabon gida. Asaf ya faɗi irin wannan a Zabura 73, ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ƙyashin masu wadata, kuma bai dawo hayyacinsa ba sai da ya shiga Haikali. Don haka rawar da kake yi ran Lahadi kada ka raina ta ko da tana gudu kafin ka hau danfo, ita ce moɗa ɗaya da kake samu a sati, abin da ake bukata a ƙara yawan ɗiban ne.

Zunubin da aka ɓoye ma yana kashe farin ciki, Dawuda ya roƙa a Zabura 51 a mayar masa da murnar ceto. In akwai abin da ka sani ka tuba, ƙofa a buɗe take. In kuwa ka duba ba ka ga komai ba kada ka zauna kana ƙirƙiro wa kanka laifi, abokan Ayuba sun yi masa haka kuma a ƙarshe su Allah ya tsauta wa.

To me za ka yi?

Bulus ya ce a Filibiyawa 4:11-12 koya ya yi, ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Abin da ake koya kuwa a hankali yake shiga. Ni ma na taɓa koyon nawa, wata shekara da damina mai gida ya ba mu notis, kafin mu samu wani wuri muka jibge kaya a ajin Sande Sukul, ni da matata da yara uku muna shimfiɗa tabarma tsakanin ƙananan bencuna, Asabar da dare mu naɗe komai don yara za su shigo da safe. Sati bakwai muka yi. Abin da ya riƙe ni ba wani babban wahayi ba ne, kowace asuba kafin sauro ya bar mu in tashi in karanta Zabura ɗaya da murya, in faɗa wa Allah abin da ke ci na ba kwana-kwana, sannan in tilasta bakina ya ambaci abu uku da suke gaskiya ko an kore ni ko ba a kore ni ba: Yesu ya tashi, an gafarta min, ba ni kaɗai ba ne a ɗakin nan. Wata rana in ji sanyi a zuciya, wata rana ba na jin komai, amma na ci gaba, kuma matata ta kama yi tare da ni.

Kai kana da abin da yawancinmu ba mu da shi, tsakar dare a farke, daidai lokacin Bulus da Sila. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saukewa a waya, har da na sauraro, in ka samu data sau ɗaya ka sauke. Filibiyawa sura huɗu ce kacal, ba ta kai minti 20 ba, ka saurare ta gaba ɗaya ba aya ɗaya ba. Ka rera waƙoƙin da ka taso da su a ƙauye ko da ƙasa-ƙasa ne. Ku tsayar da rana da uwargida, ko minti biyar ne a waya, ku yi addu'a tare, ka kuma daina ɓoye mata halin da kake ciki don ita ma tana ɗauke da nata tana ɓoye maka.

Kuma ka je wurin fastonka da dattawa ka faɗa masu komai, har da bashin mashin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ayar nan da muke so, farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku, a Nehemiya 8:10 take, kuma a cikin ayar ne aka ce wa jama'a su je su ci su sha su aika wa waɗanda ba su da komai rabonsu. Wato ikilisiyar da za ta ce maka ka yi farin ciki wajibinta ne ta tambaye ka ko ka ci abinci. Mu fastoci wannan nauyin a wuyanmu yake. A wurinmu dattawa sun sha raka ɗan'uwa wurin mai bashi a zauna a tsara biya kaɗan-kaɗan, kuma sau da yawa mai bashin yakan sassauta in ya ga manya sun tako. Akwai adashin matasa, akwai wanda ya san inda ake neman direban keke ko mai koyon sana'a. Neman mafita ba ya rage bangaskiya, Bulus ɗin nan da ya yi waƙa a kurkuku da gari ya waye ai tsayawa ya yi a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba su haƙuri.

Ni fasto ne ba likita ba, kuma daga saƙo ɗaya nake maka magana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka ga nauyin nan ya wuce sati biyu ba ya ɗagawa dare da rana, abinci ba ya shiga, ko ka samu lokacin barci ba ya zuwa, ko kuma tunanin gara mutuwa ya fara leƙo ka, to wannan ciwo ne da ake magani kamar hawan jini, kada ka yarda a ce maka aljani ne ko raunin addu'a. Ka faɗa wa wani a ranar, kada ka kwana da shi kai kaɗai, a raka ka asibiti. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Yaba, na raka 'yan'uwa can da ƙafata, ana shan magani ana addu'a, kuma sun samu sauƙi.

Ba zan yi maka alkawarin mashin zai dawo ko iyali za su dawo Legas bana ba, ba a ba ni wannan maganar ba kuma ba zan sa wa Allah ita a baki ba. Zan dai sa ka cikin addu'armu ta Laraba ba tare da ambaton garinku ba. Yau da dare in gidan ya yi tsit ka kulle get, ka fara da Zabura 13, aya shida ce, ka karanta ta da murya yadda take. In kun zauna da dattawa a kan bashin ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi da mai mashin, ka kuma gaida min uwargida da yara.